Abin da Ido Ba Ya Gani a Ƙwaryar Nono

Ƙannena maza da mata na Unguwar Tudu, da na Getso da Kutama da Lakwaya, har zuwa Kabo da Garo, akwai tambayar da nake yawan ji a bakinku duk lokacin da zancen sana'a ya taso: me da me ake zubawa? Mai son haɗa sabulun ruwa haka yake tambaya, mai son haɗa fenti ko man shafawa ma haka. Wasunku har kuɗi suke turawa a aiko musu da jerin kayan haɗi ta waya, su shiga Kano su sayo komai, su zuba a bokiti su juya, abin ya tsinke ko ya yi gudaji, su ce an cuce su an ɓoye musu wani sinadari. Sau da yawa ba a ɓoye musu komai ba. Jerin kayan haɗi shi ne mafi arha a cikin kowace sana'a. Mai tsadar shi ne sanin yadda kayan suke zama da juna: wanne ne a ciki, wanne ne a waje, wace siffa suka ɗauka, kuma me ya sa suka ɗauke ta.

Zan nuna muku haka da wani reshe na ilimin kemistiri da za ku ɗauka ya yi mana nisa, alhali da misalinsa muke dama fura kullum. Shi ne sarrafa siffa da tsarin cikin ƙananan ƙwayoyin folima, waɗanda ake auna girmansu da nanomita.

Folima ita ce duk abin da aka gina shi da dogayen sarƙoƙi, ƙananan guntaye a jere ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, sai dai wannan carbin 'ya'yansa kan kai dubbai. Ledar ruwan sha folima ce, bokitin roba folima ne, haka auduga, da sitacin dawa da masara, da ƙaron da ke tsattsafowa a jikin dakwara, da furotin ɗin da ke cikin nama da nono. Bajamushe Hermann Staudinger ne ya fito a 1920 ya ce waɗannan abubuwa sarƙoƙi ne na gaske masu tsawo. Manyan masanan zamaninsa suka yi ta musu da shi shekara da shekaru, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Nanomita kuwa, a raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, a ɗauki gida guda. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da muke magana a kansu daga 'yan gomomi ne zuwa 'yan ɗaruruwa.

Ƙanƙantar ba ta ado ba ce. A ɗauki ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe, bayansa duka santimita 6 ne murabba'i. A yayyanka shi zuwa guntaye masu nanomita 100: nauyinsa yana nan yadda yake, amma in aka haɗa bayan guntayen sai ya kai mita 60 murabba'i, filin ɗaki huɗu ko biyar. Idan abu ya ƙanƙance haka, abin da ke lulluɓe da shi da siffar da ya ɗauka su ne suke yanke hukuncin halinsa.

To ku dubi madarar da aka tatso da asuba a ruga. Kusan kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madarar shanu wani iri ne da ake kira kesin, kuma ba a warwatse yake yawo ba. A dunƙule yake, ƙwallo-ƙwallo, daga wajen nanomita 50 zuwa 500. A cikin kowane ƙwallo akwai ƙananan ɗigo na gishirin kalsiyam da ke riƙe sarƙoƙin kada su watse. A bayansa kuma akwai wani jinsin kesin da jelarsa ke miƙe cikin ruwa, tana ɗauke da cajin lantarki, tana ture duk ƙwallon da ya matso. Wannan gashin bayan ne ya sa madara take zama ruwa, ba ta kwanta a ƙasan ƙwarya.

Yanzu ku bi hannun Bafulatana mai kindirmo. Ta dafa madara, ta bari ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, ta ɗiga ɗan nonon jiya, ta rufe da faifai ta ajiye inda ba iska. Cikin dare ƙwayoyin halittar da ke cikin nonon jiya suna cin sukarin madarar suna fitar da tsami. Ma'aunin tsami da masana ke kira pH yakan sauka daga kusan 6.7 zuwa 4.6. A kan hanyar saukar, gishirin kalsiyam ɗin da ke ciki ya narke ya fita, cajin da ke waje ya mutu, gashin ya kwanta, ƙwallayen suka manne da juna suka zama raga mai riƙe ruwa. Da safe ta buɗe, ga kindirmo a daskare yana rawa. In ta zuba nonon jiyan madara na da zafi sosai, ƙwayoyin sun mutu, ba abin da zai kama. In ta bar shi ya wuce lokaci a ɗaki mai zafi, ragar ta matse ta tofar da ruwanta, sai ka ga tsararo a sama.

Masu yin cuku a wasu sassan Nijeriya da Benin wata hanya suke bi. Ruwan tumfafiya suke sa wa madara mai ɗumi. Abin da ke cikin tumfafiyar aske gashin bayan yake yi, kalsiyam ɗin ciki kuwa yana nan bai fita ba. Shi ya sa cuku yake da ƙarfi, ba shi da tsami, har a soya shi a mai bai narke ba. Madara ɗaya ce, saniya ɗaya ce. Mai kindirmo ta taɓa cikin ƙwallon da bayansa, mai cuku bayansa kawai ta taɓa, abinci biyu suka fito da ba su yi kama ba. Ina girmama waɗannan mata ƙwarai, domin aikin da suke yi da yatsa da hanci da ƙwarewar da suka gada shi ne ainihin aikin da ake yi a manyan ɗakunan bincike.

Inda masanin ɗakin bincike ya ƙara gaba shi ne, shi yake ƙera sarƙar da kansa, ya yanke mata tsawon da yake so. Wadda ta fi shahara a wannan fage ita ce sarƙa mai ɓangare biyu: rabi mai son ruwa, rabi mai gudun ruwa, an ɗaure su wuri ɗaya ba damar rabuwa. Ana zuba irin waɗannan cikin ruwa sai su shirya kansu ba wanda ya taɓa su: masu gudun ruwa su cure a tsakiya, masu son ruwa su kewaye su. A 1995 Adi Eisenberg da ɗalibinsa Lifeng Zhang na Jami'ar McGill a Kanada suka nuna cewa daga jinsin sarƙa ɗaya ana iya samun siffofi da dama, abin da ake sauyawa kawai tsawon ɓangare ɗaya a kan ɗaya. Idan mai son ruwa ya yi tsawo, yana buƙatar fili mai yawa a waje, sai ƙwayar ta lanƙwashe ta zama ƙwallo. A rage shi ko a ƙara wa mai gudun ruwa tsawo, sai ta miƙe ta zama siririya doguwa, wadda masanan ke kira tsutsa. A ƙara kuma, sai ta baje ta zama shimfiɗa, ta naɗe bakinta ta rufe, ta zama ƙwanso mai ruwa a cikinsa. Lissafin fili ne tsantsa, irin wanda ake koya muku a aji kuna hamma.

Steven Armes da abokan aikinsa a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun ƙware wajen tsawaita sarƙar a cikin ruwan kanta, suna ɗiba lokaci-lokaci suna duba yadda ƙwallo ke komawa tsutsa, tsutsa ke komawa ƙwanso. Wani abin da suka samo yana ba ni sha'awa har yau. Tsutsotsin wata folima tasu, a zafin ɗaki, sukan sarƙe su yi kauri su daskare. A sanyaya su zuwa digiri 4, sai su gutsuttsure su koma ƙwallaye, abin ya tsinke ya zama ruwa, a tace shi a fitar da ƙwayoyin cuta, ya ɗumama ya sake daskarewa. Ba a ƙara komai ba, ba a cire komai ba, siffa ce kawai ta sauya. Wasu kuma ba sa jiran sarƙa ta shirya kanta. Joseph DeSimone a Jami'ar Karolina ta Arewa a Amurka ya fito a 2005 da hanyar zuba folima a cikin ƙananan ramuka da aka sassaƙa, ta fito da siffar ramin daidai.

Za ku ce, to ina ruwan wani da ƙwallo ko tsutsa, tunda ido ma ba ya ganinsu? Jikinku yana ganinsu. A cikin jiki akwai ƙwayoyin garkuwa da aikinsu haɗiye duk baƙon abin da ya shigo. A 2006 Julie Champion da Samir Mitragotri a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka ɗauki ƙananan ƙwallayen roba, waɗanda suka ɗan fi ma'aunin nano girma, suka binne su a cikin wata 'yar shimfiɗa, suka tausasa su suka ja, ƙwallayen suka miƙe suka yi siffofi iri-iri. Da suka ba ƙwayoyin garkuwa, sai suka ga in ƙwayar garkuwa ta kama dogon abu ta wajen tsininsa, cikin 'yan mintoci ta haɗiye shi. In ta kama shi ta faffaɗan gefe, sai ta baje a kansa ta yi awoyi ba ta haɗiye ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 2007, ɗakin binciken Dennis Discher a Jami'ar Fensilbaniya ya nuna cewa ƙwayoyi masu siffar tsutsa sun kai mako guda suna yawo a jinin ɓeraye, kusan ninki goma na daɗewar masu siffar ƙwallo. Ga wanda yake son magani ya daɗe a jini har ya isa inda ciwo yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Girma ma da nasa hukuncin: abin da bai kai nanomita 6 ba ƙoda kan fitar da shi a fitsari, wanda ya haura 200 kuma saifa kan tare shi.

Game da ɗaukar magani kuwa, kuna da misali a hannu. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai haɗin atimita da lumefantirin, ana cewa a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Dalili shi ne lumefantirin ba ya narkewa a ruwa, in ba maiƙo a ciki kaɗan ne yake shiga jini. Magunguna da yawa haka halinsu yake. Tsakiyar ƙwayar folima, inda masu gudun ruwa suka cure, mazauni ne da irin wannan magani zai shiga ya zauna, bayanta mai son ruwa ya ɗauke shi ya yi yawo da shi.

Tsarin ciki shi ne inda aikin ya fi laushi. Ana narka sarƙa mai ɓangare biyu a wani ruwan sinadari mai saurin tashi, a kaɗa shi cikin ruwa da wani irin sabulu har ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo, sannan a bar sinadarin ya tashi. Sarƙoƙin da suka rage a kowane ɗigo dole su shirya kansu a cikin wannan ƙunci. Idan sabulun da ke bakin ɗigon ya fi son ɓangare ɗaya, wannan ɓangaren ne zai fito waje, ɗayan ya bi bayansa, a yi ta hawa-hawa zuwa tsakiya. Masanan suna kiran wannan mai tsarin albasa. Idan aka haɗa sabulu biyu ta yadda bakin ɗigon bai fifita kowa ba, sai hawayen su jeru a tsaye ɗaya kusa da ɗaya, ƙwayar ta miƙe ta yi tsini biyu da zane-zane a jikinta. Craig Hawker a Amurka da Bumjoon Kim a Koriya ta Kudu suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan. Kuma ga abin da nake so ku riƙe: in aka tayar da sinadarin da sauri, sarƙoƙin ba sa samun sukunin jeruwa, sai su daskare a hargitse. Sai an bar shi ya tashi a hankali tsarin yake fita tsaf. Wanda ya ƙosa ya ga sakamako, da hannunsa yake ɓata shi.

Fentin ruwan da ake shafa wa ɗakuna ma ƙwayoyin folima ne ke iyo a cikinsa, su manne su zama fata in ruwan ya bushe. A shekarun 1980 kamfanin Rohm and Haas ya fito da wasu masu rami a tsakiya. In fentin ya bushe iska ta cika ramin, haske ya riƙa watsewa a kansa, fentin ya ƙara fari da rufe bango, a rage farin sinadari mai tsada da ake zubawa. Ramin da babu komai a cikinsa shi ake sayarwa.

Kada in bar ku da zaton an gama komai. A 2016 Warren Chan da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyin da aka yi allurarsu yake isa ga ƙarin sankara. Da yawa daga cikin sauran hanta da saifa ne suka kwashe. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Masu fannin da kansu ne suka fito da wannan adadi duk da bai yi musu daɗi ba, kuma wannan halin ne ya sa nake yarda da su. Saboda haka duk wanda ya zo muku da taki ko ruwan magani ko man shafawa yana cewa na nano ne, ku tambaye shi girman ƙwayar, da wanda ya auna, da lambar hukumar NAFDAC in abin sha ne ko na shafawa. In ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku, kada kuma ku yarda ku zama masu tallata masa a unguwa.

Abin da nake roƙonku shi ne ku rabu da "ɗan kaɗan" da "daidai misali". Bafulatana tana da uzuri, ta yi shekaru hannunta ya zama ma'auni. Ku da kuke farawa, ma'auninku sikeli ne da agogo da abin auna zafi da littafi. Abin da ka haɗa ya yi kyau yau, in ba ka rubuta nawa ka zuba ba, da wanne ka fara, da minti nawa ka juya, sa'a ka yi, ba ka iya ba. Wanda ya iya shi ne wanda zai maimaita gobe, ya kuma ba wani takardar ya maimaita. Kada ku guji lissafi da fiziks don malami ya yi tsauri ko makarantarku ba ta da ɗakin gwaji. Na san akwai makarantu a yankinmu da ɗalibi zai gama bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, kuma abin yana ci mini rai. Amma tun 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, 'ya'yan manoma irinku suka shiga suka fito likitoci da injiniyoyi. Duk wanda ya hau motar Kano daga Gwarzo, ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake wucewa, kuma ana koyar da kemistiri da haɗa magunguna a jami'ar. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyancin folima da masaƙa. Ƙannena mata, ku ma da ku nake; wadda ta san lokacin da kunu ya kama da lokacin da ya tsinke, ta riga ta fara lura da abin da fannin yake nema.

Waɗanda Allah ya kai jami'a a cikinku, ga wata kafa da za ku kiyaye. Ya zama ruwan dare ɗalibi ya jiƙa ganye, ya haɗa ruwansa da wani gishiri, launi ya sauya, ya rubuta cewa ya samar da ƙwayoyin nano masu siffa kaza. Sauyin launi alama ce, ba ya gaya maka girma ko siffa. Madubin ƙara girma mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Sai mai aiki da lantarki, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931. In ba ka samu damar kai samfurinka inda yake ba, rubuta iyakar abin da ka gani. Kada ka ɗauko hoton wani daga intanet ka liƙa. Gani ya kori ji, amma sai in kai ne ka gani.

Kafin a kai can, akwai abin da za ku fara da shi a gida. Ku cika kofin gilashi biyu da ruwa mai tsabta, ɗaya ku narka gishiri, ɗaya ku ɗiga madara ɗigo biyu. A ɗaki mai duhu ku haska tocila ta gefe. A ruwan gishiri haske zai wuce ba ku ga hanyarsa ba. A na madara za ku ga hanyar fili, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙwayoyin da ke iyo ne suke watsa hasken.

Sai kuma tawadar allo. Kowane almajiri ya san in aka niƙa gawayi aka zuba ruwa kawai, zai kwanta a gindin kurtu, rubutun kuma in ya bushe hannu na taɓawa ya kakkaɓe. Sai an sa ƙaro. Ƙaro sarƙar sukari ce mai rassa da yawa, da ɗan furotin wajen kashi 2 cikin 100. Furotin ɗin ya kama jikin gawayin, rassan su baje cikin ruwa su hana guntayen haɗuwa. Wannan aikin ne yake yi wa masu lemon kwalba, yana riƙe ɗigon man ƙamshi kada ya taso sama, kuma lambarsa a jikin kayan abinci E414. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi, Cadi da Nijeriya na biye, namu daga Borno da Yobe da Jigawa, har akwai tashar bincikensa a Gashuwa. Mafi yawansa a buhu yake fita ɗanye, a sarrafa shi a Turai, musamman Faransa, a sayar da shi da tsada.

Ku nemi kwalabe biyar iri ɗaya. Ku niƙa gawayi lukwi, ku tankaɗe, ku auna adadi ɗaya a kowace, da ruwa adadi ɗaya. Ta farko ba ƙaro, sauran ku riƙa ninka shi daga wannan zuwa waccan. Ku girgiza su daidai, ku jera a inuwa, ku riƙa auna da rula inda baƙin ya tsaya bayan awa ɗaya, da yamma, da washegari. Ku yi rubutu da kowace a kan allo ku ga wadda take kakkaɓewa da wadda ta yi danƙo har alƙalami ba ya tafiya. Sannan ku sake daga farko da ƙaron dakwara da na wata bishiyar, ku kwatanta. Ku sa kwanan wata a kowane shafi, har da ranar da sakamakon ya saɓa wa na jiya, ku kai wa malamin kemistirinku littafin ku tambaye shi dalili.